Sharhi kan wani ajin Turanci na dare a Agege da ke koyar da kalmomi dangi-dangi

A cikin unguwar Hausawa ta Agege, ba nisa da layin dogo, akwai wani ajin koyon Turanci na manya da ake yi bayan sallar Isha'i a ɗaya daga cikin ɗakunan wata makarantar Islamiyya, wadda ke ba da aron wurin idan yara sun tashi. Malamin da ke gudanar da shi Bahaushe ne wanda ya karanci Turanci a jami'a, ya kuma koyar a makarantar sakandare a Arewa kafin neman abinci ya kawo shi Legas. Na halarci ajin na tsawon zangon karatu guda tare da ƙanena, wanda ke shirin rubuta jarrabawar JAMB, ni kuwa aikina shi ne kula da takardun kaya na wani mai manyan motoci da ke lodi a Apapa. Na ga ya dace in rubuta abin da na gani, domin mutane da dama a unguwa suna tambayata ko ajin ya cancanci kuɗin da ake biya da kuma barcin da ake hana ido.

Abin da ya bambanta wannan aji da sauran darussan Turanci da na sani shi ne yadda ake zaɓen kalmomin da za a koya. Ba a bin jerin abacada, ba a kuma ware kalmomin kasuwa yau, na asibiti gobe. Malam yakan rubuta haruffa uku ko huɗu a tsakiyar allo, ya ja musu layi da jan alli, sannan ya nemi kowa ya kawo kalmar Turanci da ya taɓa gani ɗauke da waɗannan haruffa, ko a jikin mota, ko a kwalin magani, ko a saƙon banki. Idan kalmomi sun taru, sai a shiga neman ma'anar da ta haɗa su. A ganina wannan hanya tana da ƙarfi ƙwarai a duk inda haruffan da aka yi tarayya a kansu suke ɗauke da ma'ana, amma tana cin lokaci a banza, wani lokaci ma ta ɓatar da ɗalibi, a inda kamannin na rubutu ne kawai. Ajin yana yin duka biyun, kuma bai cika faɗa wa ɗalibi wanne daga ciki ake yi ba.

Ɗaliban yawancinsu magidanta ne: 'yan goro, da mahauta daga mayankar Oko-Oba, da 'yan canji, da masu gadi, da direbobin tankar mai, da kuma samarin da suka koma tuƙa Keke bayan gwamnatin jihar ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022. Kusan dukkansu suna jin Turancin Buroka, da yawa kuma suna jin Yarbanci, saboda haka ciniki da baki ba ya gagarar su. Takarda ce ke ba su wahala, wato yarjejeniyar haya, da saƙon banki, da rubutun likita, da fom ɗin ofis. Wanda ke cikin irin wannan hali ya wuce a koya masa gaisuwa. Abin da yake nema shi ne hanyar da zai bi ya kusanci ma'anar doguwar kalmar da bai taɓa gani ba, ba tare da ya miƙa wa wani yaro takardar sirrinsa ya karanta masa ba.

Darasin da ya fi nuna ƙarfin hanyar shi ne na haruffan port. Kafin Malam ya ce komai, ɗalibai sun cika allo da import, export, transport, report, support, deport, porter da portable, domin wanda ke zaune a Legas ba ya wuni bai ci karo da ɗaya daga cikinsu ba. Daga nan ya bayyana cewa saiwarsu kalmar Latin ce, portare, wadda ke nufin ɗaukar kaya, kuma abin da ke canzawa kawai shi ne ɗafa-goshi, wato guntun da aka liƙa mata a farko. Im yana nufin ciki, don haka import shigo da kaya ne. Ex yana nufin waje, export fitar da kaya ke nan. Trans tsallakawa ne daga wuri zuwa wuri, shi ya sa transport ya zama sufuri. Report ɗauko labari ne a dawo da shi, support tallabe abu ne daga ƙasa, deport kuma tasa ƙeyar mutum ne zuwa ƙasarsa. Da aka zo kan porter sai wani ɗan kasuwar Mile 12 ya ce ai ɗan dako ke nan, Malam ya ce haka ne, kuma portable shi ne abin da mutum zai iya ɗauka a hannu ba sai ya kira ɗan dako ba. Malam ya kuma yi abin da ya dace, ya ware airport da seaport da passport gefe guda, ya ce su sun fito ne daga portus, mashigar jiragen ruwa, irin ta Apapa da Tin Can. A daren nan ɗalibi ya tashi da kalmomi takwas, amma abin da ya fi su daraja shi ne ɗafe-ɗafen nan uku ko huɗu, domin washegari zai gan su a exit, expire, exchange, transfer da translate.

Na lura da cewa dattawan da suka yi karatun zaure sun fi samari saurin kama wannan tsari, kuma Malam ya san dalili, yana kuwa amfani da shi da gangan. Duk wanda ya taɓa ilimin sarafu ya san cewa Larabci yana gina kalmomi masu yawa a kan baƙaƙe uku, kuma Hausa ta aro wasu dangogin ɗungurungum: hukunci, hukuma, hakimi da hikima duk gida ɗaya suka fito, haka ma ilimi, malami da ulama'u. Hausar kanta tana yin irin wannan gini, kamar yadda ɗinka ke haifar da ɗinki, maɗinki da ɗinkakke. Da zarar an nuna wa dattijo cewa employ, employer, employee da employment irin wannan dangi ne, sai tsoron da yake yi wa Turanci ya ragu, domin ya gane cewa aikin da ya saba yi a gaban malaminsa na zaure ne aka kawo masa da wasu haruffa. Wannan gada da Malam ke ginawa tsakanin abin da ɗalibi ya sani da abin da yake nema ita ce mafi kyawun abin da ajin ke sayarwa, kuma ban ga yadda malamin da ba ya jin Hausa da ɗan Larabci zai iya yin ta ba.

Ga mai aiki irin nawa, darasin ɗafa-ƙeyar er ko or, wato guntun da ake liƙawa a ƙarshen kalma, da kishiyarta ee, ya biya kuɗin wata shi kaɗai. Ta farko tana nuna wanda ya yi aiki, ta biyu tana nuna wanda aka yi wa. Employer shi ne mai ɗaukar ma'aikaci, employee wanda aka ɗauka. Payer mai biya, payee wanda za a biya. Consignor mai aika kaya, consignee wanda aka aika wa. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar kaya a tashar jiragen ruwa ya san cewa rubuta suna a gurbin da ba nasa ba tsakanin waɗannan biyun na ƙarshe yana iya sa mota ta kwana a layi. Daga consignee Malam ya gangara zuwa dangin sign, wanda asalinsa signum ne, wato alama: signature, signal, signboard, assign, design. A nan ya nuna wani abu mai muhimmanci, cewa harafin g ba a furta shi a sign, amma ana jin sa sarai a signature da signal, kuma barin sa a rubuce shi ne ke tona zumuncin da ke tsakaninsu. Haka b ɗin da ke cikin debt, wato bashi, wanda ba a furtawa. Masana ne suka saka shi daga baya don ya tuna da asalinsa na Latin, debitum, kuma shi ne ake ji a debit, kalmar da kowa ke gani a wayarsa idan banki ya cire masa kuɗi. Tun daga wannan darasi wani ɗan canji a ajinmu ya daina rikita creditor, mai bin bashi, da debtor, wanda ake bi.

An kuma ware mako guda ga kalmomin lafiya, kuma da ni ne ke tsara manhajar da na ninka shi. An koyi cewa itis a ƙarshen kalma kumburi ne, shi ya sa hepatitis ya zama ciwon hanta, meningitis sanƙarau, arthritis ciwon gaɓoɓi. An bambanta hyper, wuce kima, da hypo, kasawa, ta yadda hypertension hawan jini ne, hypotension kuma faɗuwarsa. An bambanta anti, mai yaƙar abu, kamar a antibiotic da antimalarial, da ante, kafin abu, kamar a antenatal, awon da mai ciki ke zuwa kafin haihuwa. Masu sayar da kayan gona sun amfana da cide, mai kashewa, a pesticide, insecticide da herbicide, kuma sanin cewa na ƙarshen ciyawa yake kashewa ba ƙwari ba ilimi ne da ke hana asara.

Inda ajin ya fara rauni shi ne inda ya ɗauki kamannin haruffa a matsayin dalilin haɗa kalmomi ko da babu wata ma'ana a tsakaninsu. Takardun darasin da ake rabawa sun jera portrait da portion a ƙarƙashin port, alhali ta farko hoton fuskar mutum ce, ta biyu kuma kaso, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta fito daga portare. A ƙarƙashin un, wanda aka koya mana cewa korewa yake yi, kamar a unpaid da unsafe, an bar ɗalibai suka ƙara uncle, under da uniform a littattafansu, ba a tsaya an goge su ba sai da dare ya yi nisa wasu sun riga sun tafi. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane, kuma wannan gargaɗi ya kamata ya zama darasi na biyu a ajin, a rubuce, da misalansa, maimakon ya riƙa fitowa jefi-jefi idan wani ya yi sa'ar tambaya.

Wata tambaya da aka yi ta nuna cewa lamarin ya wuce na cin jarrabawa. An gama bayanin cewa in yana korewa, kamar a incorrect, invisible da incomplete, sai wani dattijo direban tanka ya ɗaga hannu.

"Malam, ina da tambaya."

"Bismillah, Baba."

"A jikin motata an rubuta Highly Inflammable da jan fenti. In dai in ɗin nan korewa yake yi, ke nan cewa aka yi man ba ya kama wuta?"

Malam ya ajiye alli ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. Yana kamawa, kamawa ma mai tsanani." Sannan ya bayyana cewa Turanci yana da in iri biyu da suka zo daga Latin, ɗaya na korewa, ɗaya mai nufin shiga ciki, kuma inflammable daga inflame take, wato cinna wuta, saboda haka ita da flammable ma'anarsu ɗaya. Ya ƙara da invaluable, wadda ke nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi, ba abin banza ba. Amsar ta gamsar, kuma ta nuna cewa mutumin ya san aikinsa. Damuwata ita ce da Baba bai zo a daren ba, da aji guda ya tashi da ƙa'idar da za ta fassara masa gargaɗin wuta a juye.

Mako biyu da aka kashe a kan ough su ne mafi ƙarancin amfani a zangon. An jera though, through, tough, cough, plough, thought da thorough, aka sa mu maimaita su da baki ɗaya dare bayan dare. Haruffa huɗu ne iri ɗaya, furucinsu ya sha bamban a kowace kalma, ma'anoninsu kuma ba su haɗa komai ba: ko da yake, ta cikin, mai tauri, tari, garma, tunani, da kuma yin abu filla-filla. Haɗa su wuri guda ya sa wasu da a da suke rubuta thought daidai suka fara cakuɗa ta da though. An maimaita irin wannan da ear, inda hear, bear, heart da earth suka zauna a layi ɗaya. Irin waɗannan kalmomi a cikin jimla ake koyonsu, ɗaya bayan ɗaya, tare da tazara a tsakani.

Sai a ƙarshen mako na biyun Malam ya ba da tarihin da ya kamata a fara da shi, kuma da ya ba da shi kowa ya natsu. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kimanin 44. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, kalmominsa da na Latin suka kwarara cikin Turanci da irin rubutunsu. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster da ke Landan, rubutu ya fara tsayawa a kan siga ɗaya, alhali a daidai wannan zamani, tsakanin ƙarni na 15 da na 17, furucin dogayen wasulan harshen yana ta sauyawa. Haruffan gh kuwa a da suna wakiltar wani sauti ne na maƙogwaro mai kama da harafin kha na Larabci, wanda ya ɓace a night da light, ya koma f a cough da tough. Bayanin bai ɗauki rabin sa'a ba, amma ya fi maimaicin da aka yi ta yi amfani, domin ya sa ɗalibi ya gane cewa rikicin a harshen yake, ba a kansa ba, ya kuma nuna masa cewa kalmomin da suka zo daga Latin da Girkanci ne suka fi bin ƙa'idar dangi.

A ɓangaren furuci ajin ya yi ƙwauro. Sanin kowa ne cewa Bahaushe yana fama da bambanta p da f, da kuma b da v, kuma a Legas wannan ne abin da ake fara kama shi da shi a ofis ko a banki. An taɓa batun sau ɗaya lokacin da aka zo kan ph, aka ce f ake furta shi a phone, photo da pharmacy, aka kuma gwada pull da full, da pan da fan, sannan aka wuce. Mai son gyara bakinsa ba zai sami abin da yake nema a nan ba, kuma ya kamata a faɗa masa haka tun ranar rajista.

Daren Asabar na Scrabble ne, wasan haɗa kalmomi da ƙwayoyin haruffa a kan allo, kuma shi ne ya fi tara jama'a. Allon wasan yana da gidaje 225, ƙwayoyin haruffa 100 ne, kowane ɗan wasa yana riƙe bakwai, wanda kuma ya ajiye bakwai ɗin a tashi ɗaya yana samun ƙarin maki 50. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, shi ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, aka kuma sa masa sunan da yake ɗauke da shi yanzu a 1948. Malam yana yawan tuna wa samari cewa ɗan Najeriya, Wellington Jighere, ya ci gasar duniya ta wasan a Perth ta ƙasar Ostireliya a 2015, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Wasan yana gyara rubutu sosai, domin harafi ɗaya da ya kauce yana jawo asarar maki a gaban mutane, kuma yana koya wa ido ganin yadda ear ke zama near, year ko fear da ƙarin harafi guda. Sai dai ƙa'idarsa ba ta tambayar ma'ana, shi ya sa ƙanena ya haddace qi, za da xu don cin maki, kalmomin da ba zai taɓa buƙata a wasiƙa ko a jarrabawa ba. Gyaran mai sauƙi ne: a sa dokar cikin gida cewa duk wanda ya ajiye kalma sai ya faɗi ma'anarta da Hausa kafin a rubuta masa maki. Na kai wa Malam wannan shawara, ya karɓa da hannu biyu, kuma an fara gwada ta kafin zangon ya ƙare.

Game da wurin kansa, bencinan na yara ne, babban mutum yana tashi da ciwon baya. Idan an ɗauke wuta fitilar caji biyu ake kunnawa, waɗanda ba sa isar na baya su ga allo, kuma ƙarar jirgin ƙasa takan tsayar da darasi na ɗan lokaci. Ana biyan kuɗi wata-wata, kuma bai fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a ba, amma kuɗin hoton takardun darasi daban ne, abin da ba a bayyana wa mutum sai ya shiga. Malam ba ya makara, yana duba aikin gida da jan biro kalma bayan kalma, kuma bai taɓa kunyata dattijo a gaban yara ba, wanda a wurina babban abu ne. Babu ajin mata, duk da cewa darasin kalmomin asibiti su ya fi shafa. Matan unguwa sun nemi a buɗe musu nasu da hantsi, an ce ana neman malama.

Wanda ya riga ya iya karanta boko, ko da a hankali yake haɗa baƙi, kuma takardun aiki ko na banki ne ke ba shi wahala, zai ci riba a wannan aji tun daga watan farko, musamman idan ya taɓa karatun Larabci. Mai shirin WAEC ko JAMB zai amfana a tambayoyin kalmomi masu ma'ana ɗaya da masu kishiyantar juna, amma sai ya nemi wani wurin don rubutun insha'i da fahimtar nassi, domin ba a yin su a nan. Wanda bai fara karatu ba sam, ya fara da ajin yaƙi da jahilci tukuna. Duk wanda zai shiga ya tafi da ƙamus na Turanci, na takarda ko na waya, wanda ke nuna asalin kalma, ya riƙa duba kowace kalmar da aka jera a takardar darasi kafin ya yarda cewa 'yar dangin ce. Ana ɗaukar sababbin ɗalibai a farkon kowane zango, kuma Malam yana barin mutum ya zauna dare ɗaya kyauta ya ga yadda ake yi kafin ya biya.